Ranar da na miƙa wa sarki ma'aikatan ofis

Wata uku ke nan da fara aikina a sashen labarai na wani gidan rediyo na tafka kuskuren da har gobe idan muka haɗu da tsofaffin abokan aiki sai wani ya tono shi. Fassara nake yi a lokacin. Labari zai zo da Turanci, in mayar da shi Hausa, edita ya duba, mai karantawa ya shiga da shi. Ran nan saura minti ashirin a fara labaran ƙarfe bakwai aka ajiye mini takarda. Gwamna ya halarci bikin wani sabon sarki, ya kuma miƙa masa abin da takardar ta kira "staff of office". Ni kuwa tun ina firamare na san "staff". A jikin ƙofar ofishin malamai na fara ganinta, ɗakin nan da ba ka shiga sai an aike ka ko za a zane ka. Na gan ta a asibiti, na gan ta a banki. Ma'aikata ke nan. Ofis kuwa ko kakata ta san shi. Ko ɗaga kai ban yi ba na rubuta cewa gwamna ya miƙa wa sabon sarki ma'aikatan ofis.

Editanmu dattijo ne da ya kusa ritaya, kowa Baba yake ce masa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya yafito ni da hannu.

"Zo nan, yaro. Su nawa ne?"

"Su wa, Baba?"

"Ma'aikatan da aka miƙa wa Mai Martaba. A mota aka kawo su ko a buhu?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ya ja layi a kan rubutuna ya rubuta "sandar girma" a sama, ya ce, "Kai ba ka taɓa zuwa bikin ba da sanda ba?" Labari ya fita daidai, babu mai sauraron da ya san abin da ya faru. Amma na fi shekara ana kirana Ma'aikatan Ofis, har masinja.

Da kunya ta ɗan lafa, sai wani abu ya maye gurbinta. Me ya haɗa sanda da ma'aikata har suka yi tarayya a suna ɗaya? Na tambayi Baba, ya ce, "Turanci ne, haka suka ga dama." Na fara ɗauka kalmomi biyu ne dabam da suka yi karo a rubutu, kamar garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Ƙaramin ƙamus ɗin da ke kan teburinmu, wanda ya daɗe da rabuwa da bangonsa, ya ƙara ɓatar da ni, don ya sa ma'aikata a sama, sanda kuma can ƙasa kamar 'yar rakiya. Sai daga baya na gane cewa irin waɗannan ƙananan ƙamus suna fara kawo ma'anar da aka fi amfani da ita yau ne, ba wadda ta girmi saura ba. Wanda yake neman asali, in ya tsaya a nan, zai ɗauki jika ya ce shi ne kaka.

Wata Asabar na shiga laburaren wata jami'a na nemi babban ƙamus na Oxford. Juzu'i 20 ne bugun 1989, kalmar da nake nema tana cikin na 16, kuma ɗaga shi kaɗai aiki ne. An fara fitar da bugun farko a 1884, ba a gama ba sai 1928. Abin da ya burge ni shi ne tsarinsa. Kowace ma'ana an kawo ta da jimlolin da aka tsinto daga tsofaffin rubuce-rubuce, kowace jimla da shekararta, daga mafi tsufa zuwa ta baya-bayan nan. Wanda ya zauna a gaban malamin hadisi zai gane abin nan take, don kusan isnadi ne: wa ya faɗa, yaushe, a ina aka samu. Na zauna tun hantsi har aka kira la'asar ina kan kalma ɗaya.

Sanda ce ta farko. Tun kafin a yi wata ƙasa mai suna Ingila kalmar tana bakin ƙabilun da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak a ƙarni na 5. A tsohon Turanci ana rubuta ta "stæf". 'Yan'uwanta suna nan da rai: Jamusawa na cewa "Stab", mutanen Holan "staf", na Suwidin "stav". Masu bin salsalar harsuna sun mayar da su duka ga wata tsohuwar saiwa mai nufin tokarewa ko tallafewa, har suna haɗa ta da "stambha" ta harshen Sanskirit na Indiya, wato ginshiƙi. Wannan ya ba ni mamaki, don mu da muka tashi a hannun malaman firamare na wancan zamani, in an ce sanda duka ne yake fara zuwa mana a rai. Ashe asalin wannan kalma dogaro ne. Doguwar sanda ce ta matafiyi da makiyayi da tsoho, wadda ta kai kafaɗa ko ta wuce, ba tsumagiya ba.

Na kai wannan magana wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa bayan magariba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ashe Turawa ma sandarsu ta dogaro ce." Ya yi murmushi ya janyo aya ta 17 da ta 18 a Suratu Ɗaha, inda aka tambayi Annabi Musa abin da ke hannun damansa, ya amsa cewa sandarsa ce, yana dogara a kanta, yana kaɗo wa dabbobinsa ganye da ita, yana kuma da waɗansu buƙatu a cikinta. Malam ya ce, "Ka ga da dogaro ya fara. Sauran buƙatun kuma bai ƙidaya su ba." Sannan ya ƙara mini da abin da ban nema ba: Larabawa idan mutum ya fita daga jama'a ya yi tawaye sai su ce ya tsaga sanda, idan kuma matafiyi ya gama yawo ya zauna wuri ɗaya sai su ce ya jefar da sandar tafiya. Na rubuta su a bayan littafina. Tun daga ranar na daina raina tambayar mutanen da ba su yi boko ba a kan abin da na ɗauka na 'yan boko ne.

To, ta yaya aka tashi daga itace aka koma mutane? Hanyar ta bi ta fada ne da barikin soja. Zuwa ƙarni na 16 Turawan Ingila sun saba da sanda a matsayin alamar muƙami, sarki ya ba ka ita ranar da ya naɗa ka, ka mayar ranar da aka tuɓe ka. Manyan kwamandojin yaƙi na Turai ma kowa da 'yar sandarsa ta girma. A ƙarni na 18 sai kalmar ta fara nufin hafsoshin da ke kewaye da mai riƙe da sandar, waɗanda ba su jan runduna da kansu, aikinsu taswira ne da lissafin abinci da harsashi da rubuta umarni. Ana jin daga Jamusawa Turanci ya aro wannan ma'ana, don su ma "Stab" ɗinsu ta haɗa biyun, kuma su ne suka fi kowa gina wannan tsari a sojansu, musamman bayan kashin da Napoleon na Faransa ya ba Furushiya, wata daular Jamusawa, a 1806. Daga bariki kalmar ta fito gari. A shekarun 1830 an fara kiran ma'aikatan asibiti da na ofis da ita. Wato ma'anar da na sani tun ina yaro, wadda na ɗauka ita ce kalmar gaba ɗaya, ba ta cika shekara 200 ba, alhali sandar ta haura 1,000 a rubuce.

Masu ƙamus sun fi karkata ga cewa an kira hafsoshin haka ne don suna ƙarƙashin ikon sandar kwamanda. Ni dai zuciyata ta fi son ɗaya fassarar, cewa su ne abin da shugaba yake dogarawa, in an zare su ya faɗi. Duk wanda ya ga ma'aikatar gwamnati ranar yajin aiki ya san abin da nake nufi. Amma son zuciya ba hujja ba ne, kuma na koyi raba su a wannan bincike, ko da yake ban ji daɗin rabawar ba.

Ina hanyar komawa gida a ranar da na je laburaren, cikin motar haya, aka tsayar da mu a shinge. Direba ya yi tsaki ya ce, "'Yan sanda ne." Sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na yini ina mamakin yadda Bature ya kira mutum da sunan sanda, ga shi mu ma tun kafin a haife ni muke yi. Mun dubi mutum da kulki a hannu muka ce ɗan sanda, har ya zama ko bindiga ya rataya, ko a ofis yake zaune da biro, sunan bai canza ba, kuma babu mai tuna itacen idan ya faɗa. Kafin mu isa tasha na tuno wata da ta fi wannan. Jagora. Ja gora ne fa, yaron da yake riƙe bakin gorar makaho yana tafe a gaba. Yau shugaban jam'iyya jagora ne, malamin ɗariƙa jagora ne, ana rubuta "a ƙarƙashin jagorancin mai girma gwamna" a takardar gayyata, babu wanda yake ganin makaho ko gora a cikin maganar. Da mai girman ya san hoton da ke ƙarƙashin kalmar, da wataƙila ya nemi a canza masa, don in shi ne mai jan gora, su wane ne makafin?

Turawan ma suna da irin wannan a fili. A majalisar dattawan Birtaniya akwai jami'in da sunan muƙaminsa "Black Rod", Baƙar Sanda, shi ne wanda ake rufe wa ƙofar majalisar wakilai a fuska ranar buɗe zama, ya ƙwanƙwasa sau uku da sandarsa kafin a buɗe. A babbar kotun Ingila akwai "tipstaff", jami'in da ke kamo wanda alƙali ya ce a kamo, an sa masa sunan ne daga sanda mai kan ƙarfe da magabatansa ke riƙewa. Ɗan sanda ke nan, harafi da harafi.

Ita kanta sandar da ta jawo mini suna, ta hanyar Turawa ta shigo bikin naɗin sarautarmu. Ba wai ba mu san sanda a hannun babba ba. Liman yana hawa mumbari da ita ranar Juma'a, sarakuna suna da kandirinsu. Amma kayan sarautar da aka gada daban suke, kamar tagwayen masu a Kano da takobin nan Gajere a Katsina. Bayan da sojojin Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai ya zama sarki ba ya tabbata sai gwamna ya ba shi takarda da sanda, kuma sandunan hawa-hawa ne, mai kan azurfa ga sarki mai daraja ta ɗaya, mai kan tagulla ga na biyu. Al'adar fadar Ingila ce aka dasa a nan. Turawa sun tafi a 1960, sandar ta zauna, sai dai hannun da ke miƙa ta ne ya canza. Majalisunmu ma sun gaji tasu, shi ya sa a watan Afrilun 2018 da waɗansu suka kutsa zauren majalisar dattawa a Abuja, ba kuɗi suka ɗauka ba, ba takardu ba, sandar majalisa suka sura suka fita da ita, don sun san ba a zama sai da ita.

Ranar 19 ga Satumba 2022 ina ɗakin labarai, lokacin ni ne a kujerar Baba, muna kallon jana'izar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a talabijin. Can ƙarshe a cocin fadar Windsor, shugaban ma'aikatan gidan sarauta ya matso da siririyar sandarsa ta muƙami, ya raba ta biyu, ya ɗora a kan akwatin gawar, alamar hidimarsa gare ta ta ƙare. Yaran da ke ɗakin suka ce wannan kuma wane irin tsafi ne. Ni kuwa na ga ma'anonin nan biyu da suka wahalar da ni sun tsaya a wuri ɗaya, shugaban ma'aikata da sanda a hannu.

Duk wannan da na faɗa, da a ce na yi zurfin tunani da na iya hasashensa. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne wanda na tarar a tsakiyar shafin ƙamus ɗin nan na Oxford: a tsohon Turanci "stæf" tana nufin harafi. Jam'inta "stafas" na nufin haruffa, har da rubutu da ilimi gaba ɗaya. Wani malamin coci mai suna Ælfric, da ya rubuta wa ɗalibansa littafin koyon Latin wajen shekara ta 1000, ya kira nahawu "stæfcræft", wato sana'ar sanduna. Kalmar "letter" da muka sani, wadda muka ara muka ce leta, daga Faransanci ta shigo bayan Normandawa na arewacin Faransa sun ci Ingila a 1066, ta ture ta gida. A Jamus ba a ture ta ba, har yau harafi "Buchstabe" ne, sandar littafi. A Suwidin "bokstav". A Aisland kalma ɗaya ce, "stafur", tsoho ya dogara da ita, yaro ya koye ta a aji ɗaya.

Dalili yana wurin tsohon rubutun mutanen arewacin Turai, kafin haruffan Rumawa su iso musu. Haruffa 24 ne a tsohon jerin, kuma ba da tawada ake yin su ba, da wuƙa ake tsaga su a jikin itace ko ƙashi ko dutse. Shi ya sa kusan duk miƙaƙƙun layuka ne, tsaye ko a karkace, babu lanƙwasa, don wuƙa ba ta son zagaye a jikin itace. Kusan kowane harafi yana da doguwar ƙafa guda a tsaye da 'yan rassa a jikinta. Waɗansu masana sun ce wannan ƙafar ce sandar. Waɗansu sun ce itacen da ake rubutun a kai ne, suna kafa hujja da marubucin Rum Tacitus, wanda a shekara ta 98 ya ba da labarin yadda ƙabilun Jamus ke yanka reshen itace gunduwa-gunduwa, su yi wa kowane alama, su watsa a kan farin ƙyalle don duba, kusan yadda namu masu duba ke buga ƙasa. A birnin Bergen na Norwe, bayan wata gobara a 1955, masu tono sun samo irin waɗannan 'yan sanduna sama da 600 da rubutu a jikinsu. Ba asiri ba ne mafi yawansu. Sunan mai kaya ne a ɗaure a jikin haja, lissafin bashi, saƙon soyayya, har da zagi.

Nan na fi daɗewa, don ya mayar da ni makarantar allo. Mu harafi baƙi muke ce masa. Daga launi muka sa masa suna, domin a rubutun Alƙur'ani na hannu baƙaƙe da baƙar tawada ake yin su, wasula da ja, kuma yaro sai ya gama babbaƙu yake shiga farfaru. Su suka dubi siffa da itace, mu muka dubi tawada. Amma ba mu tsira daga kara ba. Alƙalamin da muka feƙe da reza muna yara kara ne, sunan kuma daga "ƙalam" na Larabci, shi kuma daga "kalamos" na Girkanci, wato karan bakin ruwa. Alifi ma da malam zai nuna wa ƙaramin yaro, cewa yake yi ga shi nan tsaye kamar sanda. Na fita daga laburaren ina jin cewa rubutu ko'ina ɗan itace ne, ko a alƙalami, ko a allo, ko a sunan harafin.

Akwai wata 'yar wannan kalma da kakata ta fassara mini ba tare da ta san ta yi ba. "Distaff" sanda ce da matan Turai ke naɗa gashin tumaki ko zaren wata ciyawa mai kama da rama a kanta, su maƙale ta a hammata suna kaɗi. Saboda aikin mata ne, sai Turanci ya kira dangin uwa ɓangaren wannan sanda, dangin uba kuma ɓangaren mashi. Sarki Alfred, wanda ya rasu a 899, ya rubuta a wasiyyarsa cewa kakansa ya bar gonakinsa ga ɓangaren mashi ne, ba ga ɓangaren mazari ba. Na je gaishe da tsohuwa na same ta a tsakar gida, ta ce, "Angon banza, ka zo ba ko goro." Na ce, "Hajiya, yau labari na kawo miki," na kwashe duka na faɗa mata. Ita da ta yi ƙuruciyarta tana gurza da shiɓa da kaɗi, da alli a yatsa, ba ta ga abin mamaki ba ko kaɗan. Ta ce, "To da me za a kira mu? Da mazarin na yi wa uwarka kayan ɗaki. Mashin kakanka kuwa ban taɓa ganin ya kashe ko gafiya ba."

Na yi ɓatan kai ma, kuma ya kamata in faɗa, don shi ne ya fi koya mini hankali. Da abin ya shiga jinina, sai na fara ganin sanda ko'ina. Na ga garin Stafford a taswirar Ingila na ce ai mashigin sanda ke nan. Ashe farkon sunan wata kalma ce dabam mai nufin bakin gaɓa inda jirgin ruwa ke tsayawa. Na ji masu maganin gargajiya a lasifikar mota suna tallan maganin "sitaf", na ce ko ciwon ma'aikata ne. Ashe gutsuren dogon sunan wata ƙwayar cuta ne, wanda wani likitan fiɗa na Aberdeen a Sikotilan, Alexander Ogston, ya raɗa a farkon shekarun 1880 daga kalmar Girkanci mai nufin nonon inabi, saboda yadda ƙwayoyin ke cunkushewa a madubin likita. Mafi muni, na kwana biyu ina gaya wa mutane cewa "sanda" tamu da "stand" ta Turanci 'yan gida ɗaya ne, tunda duk tsayuwa ce. Wani abokina da ya karanta kimiyyar harshe ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni ta wace hanya suka haɗu, a wane ƙarni, wa ya kai wa wa. Ba ni da amsa ko ɗaya. Ya ce Hausa da Turanci ba dangi ba ne, kuma a cikin dubban kalmomi dole a sami waɗanda suka yi kama, kamar yadda za ka ga mai kama da ƙaninka a kasuwar da ba ka taɓa zuwa ba. Kama da wane ba ta wane. Karin maganar na sani tun ina yaro, amma sai da aka kunyata ni na yi aiki da ita.

Sauran rassan na bi su da sauri. Tsohon jam'in kalmar "staves" ne, kamar yadda "knife" ke zama "knives", kuma daga jam'in aka sake yanko tilo, "stave", wadda ke nufin katakon da ake jerawa a yi ganga. "Stave off" da 'yan jarida ke yawan sawa idan ana maganar kauce wa yunwa ko fatara, asalinta korar kare ce da sanda. Layuka biyar da makaɗan Turai ke rubuta waƙa a kansu ma sunansu ke nan. Burodi kuma suna masa kirari da sandar rayuwa, daga wata magana ta Attaura inda karya sandar gurasa ke nufin saukar da yunwa. A Ibrananci kalmar da aka yi amfani da ita a wurin, "matteh", tana nufin sanda tana kuma nufin ƙabila, jama'ar da ke bin mai sanda. Ko ta ina ka bi sai ka dawo kan mutane.

A wajen aiki abin da ya canza mini ƙarami ne amma ya zauna. Kalmar da na fi tsoro yanzu ita ce wadda na tabbata na sani. Baƙuwar kalma ba ta kayar da mai fassara, don zai tashi ya duba. Wadda ya saba gani a jikin ƙofa tun yana yaro ita ke kayar da shi. Na kuma koyi karanta jimla har ƙarshe in ga hoton abin a idona kafin in ɗora biro: wa ya ba wa me, zai yiwu a miƙa shi da hannu? Da na yi wa kaina wannan tambaya a ranar, da hankali kaɗai ya cece ni, ko ban san tarihin komai ba. Ko "chief of staff" sai ka duba inda yake tsaye, in a bariki ne babban hafsa ne, in a fadar gwamnati ne shugaban ma'aikata.

Bara wata sabuwar ma'aikaciya ta kawo mini fassarar labarin rasuwar wani babba a Amurka, ta rubuta cewa an ba da umarnin rabin ma'aikata su yi zaman makoki. Na duba Turancin, "half-staff" ne, wato a sassauto da tuta zuwa rabin sandarta. Bakina ya ɗauko tambayar Baba, har na buɗe shi, sai na ga yadda take murza yatsu. Na ce, "Ƙanwata, jawo kujera." Na fara mata tun daga Denmak. Ina cikin bayanin Bergen ta dubi agogon bango ta ce, "Yallaɓai, saura minti shida." Na gyara mata da biro kamar yadda aka yi mini, ta ruga.

Da sallar da ta wuce na je gaishe da Baba. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan. Muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida na ce, "Baba, ka san fassarar nan tawa ba ta yi nisa da gaskiya ba? Sandar da ma'aikatan duk abu ɗaya ne." Na ba shi labarin kwamandojin Jamus, da ɗan sanda, da jagora. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai. Ya ce, "Shekara nawa ka yi kana neman wannan?" Na faɗa masa. Ya ce, "Duk don kada a ce ka yi kuskure." Aka kira la'asar a masallacin unguwa. Ya lalubi gefen tabarma bai ji abin da yake nema ba, kwagirinsa ya gangara bayana.

Ya ce, "Kai, Ma'aikatan Ofis. Miƙo mini ma'aikatana, zan tafi masallaci."